Biza ta fito, amma ranar tafiya ba ta yi ba

Aikin shagon kwamfuta a Birnin Kebbi rabinsa cike fom ne: JAMB, rajistar makaranta, gyaran NIN, neman fasfo. Daga Mayu zuwa Agusta kuma sai masu neman bizar karatu su cika benci, yawancinsu waɗanda suka gama digiri a jami'ar Kalgo ko ta Aliero suna son ƙaro karatu a waje. A kansu na koyi cewa sammako ma yana iya ɓata tafiya.

Mu dai an raine mu a kan cewa da sanyin safiya ake kama fara. Mai zuwa Abuja ta Yawuri da Kontagora tun asuba yake tasha. Da wannan tunanin iyaye ke shigowa shago. Biza na fitowa sai ka ji uba ya ce, "Malam, tunda ta hito, mi za ya tsaya yi gida? Shi tahi shi san gari." Kuma ba maganar banza ba ce, yaro na buƙatar neman ɗaki da sabawa da sanyi. Sai dai kowace ƙasa ta riga ta yanke ranar da ɗalibi zai iya shiga, kuma lissafin daga ranar fara karatu yake tasowa, ba daga ranar da aka buga biza ba.

A Ingila, in kwas ɗin ya wuce wata 6, ana iya shiga wata ɗaya kafin a fara. In bai wuce ba, mako ɗaya ne kacal. Kuma ko yaya, ba a tafiya kafin ranar da bizar ta fara aiki. Wani Alhaji daga Jega, ɗan kasuwa, ya taɓa zuwa mini da tikitin 'yarsa a waya, yana murna ya samu da araha. Na buga takardar CAS, wato shaidar samun gurbin karatu da makaranta ta aiko, na ajiye kusa da bayanin bizar, na ja layi da biro a ƙarƙashin ranakun. Tikitin ya riga bizar da kusan mako biyu. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon takardar. Na ce, "Alhaji, ko ta je Abuja, kamfanin jirgin ba zai ba ta takardar hawa ba." Kuɗin sauya rana ya cinye arahar har da ƙari. Tun daga nan ba na barin kowa ya taɓa tikiti sai ya karanta mini ranar da bakinsa.

Ta Amurka ta fi rikitarwa. A ƙa'idarsu, ana iya ba da bizar karatu ta F-1 tun saura kwana 365 a fara karatu, amma ba a shiga ƙasar sai ya rage kwana 30 ko ƙasa da haka kafin ranar da ke kan takardar I-20 da makaranta ke aikowa. A Yulin 2025 kuma aka mayar da mafi yawan bizojin 'yan Najeriya na wata uku, shiga ɗaya. To haɗa biyun ka gani: wanda ya yi azarɓaɓi ya karɓi biza a Maris, karatu kuma sai ƙarshen Agusta, bizar za ta mutu kafin kwana 30 ɗin nan su kama. Ga dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, ga dala 185 na neman biza, ga wahalar hanya zuwa ganawa. Dokokinsu a kanmu kuma sai ƙara tsauri suke, don haka abin da ɗan maƙwabci ya yi bara ba hujja ba ne bana, shafin ofishin jakadanci nake buɗewa duk ranar da zan ba da shawara.

Akwai masu dabarar cewa bari a shiga da bizar ziyara, a zauna wajen kawu a Manchesta, in lokaci ya yi a juya ta ta koma ta karatu. Ingila ba ta yarda da wannan ba, sai an fito an nema daga waje. Ejan ɗin da ya ce zai gyara maka wannan, kuɗinka yake so.

Sauran takardun ma kowace da wa'adinta, kuma a nan ne na fi ganin masu ƙwazo suna faɗawa rami. Gwajin tarin fuka da Ingila ke nema ana yin sa ne a asibitocin da suka amince da su, kamar na Abuja ko Legas, takardar kuma wata 6 take yi. Wanda ya yi shi tun Janairu don ya huta, sai ya sake. Kuɗin asusu dole su kwana 28 a jere ba su yi ƙasa da adadin da ake nema ba ko na yini ɗaya, sannan a miƙa takardar bankin cikin kwana 31. A garin da uba ke juya kuɗi kullum tsakanin shinkafa da albasa, wannan sharaɗin shi ne mafi wuya, don kuɗin da ke zaune a banki gani yake asara ce. Shi kuwa katin rigakafin cutar shawara akasin haka ne, sai ya kwana 10 bayan allura yake fara aiki, masu zuwa Indiya ko Masar kuwa sau da yawa sai ana jibi tafiya suke tunawa da shi.

Sai batun yada zango. Tikiti mai araha yakan bi ta Faransa, Jamus ko Holan, kuma mai fasfon Najeriya na buƙatar bizar ratse a filayen jirgin ƙasashen nan ko da ba zai fita waje ba. Bizar Amurka ko Kanada na ɗauke wa mutum wannan, ta Ingila kuwa ba ta ɗaukewa. Shi ya sa masu zuwa Landan nake ce musu su nemi jirgin da ke tafiya kai tsaye, ko mai bi ta Doha, Istanbul ko Addis Ababa, ko da ya ɗara kuɗi kaɗan.