Ƙaramin jirgin da nake sa wa ido

Aikina fito da kayan mutane ne daga tashar jiragen ruwa, ni da ma'aikata uku. Masu kaya kullum babban jirgi suke tambaya, wanda ya taso da kwantena 20,000. Ni kuwa idona yana kan ƙaramin. Babban jirgin sauke kwantenarka yake a tashar musaya irin ta Tanja ko Singafo ya wuce abinsa, sai ɗan jirgi mai cin kwantena 1,000 zuwa 2,000 ya kwaso ta ya ƙarasa da ita. In ya makara, kowa ya makara.

Da safe kafin komai nakan buɗe MarineTraffic, shafin intanet mai nuna inda jiragen ruwa suke a taswira. Tun ƙarshen 2004 doka ta tilasta wa duk jirgin da girmansa ya kai tan 300, mai zirga-zirga tsakanin ƙasashe, ya ɗauki na'urar AIS. Ita ke shelar inda yake da saurinsa ta rediyo, duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10 in yana tafiya, duk minti 3 in ya jefa anga.

Da suna nake neman jirgi a da, har ranar da na kwana biyu ina bin wani jirgi mai suna iri ɗaya da namu, a wani teku daban, ina ba mai kaya labarin da ba nasa ba. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, don da amana ya ba ni aikin. Tun daga nan lambar IMO, wato lambar shaidar jirgi ta ƙasa da ƙasa, nake amfani da ita. Alƙaluma 7 ne, kuma ko an sayar da jirgi, an sake masa suna da tuta, lambar tana nan.

Ranar isowa da ake gani a allo ban cika yarda da ita ba, matuƙa ne ke rubuta ta da hannu, wani lokaci su manta ba su gyara ba. Gara in duba saurin in yi lissafina. Sannan in duba jikin jirgin: zurfin da yake nitsewa a ruwa, da ko yana da injin ɗaga kaya nasa. Mai injinsa zai iya sauke kaya ko a tashar da ba ta da nata.

Idan ɗigonsa ya tsaya cak a taswira, sau da yawa ya yi nisa ne da eriyoyin gaɓa, sai ta tauraron ɗan'adam ake jinsa. Nakan gaya wa mai kaya haka tun kafin ya kira, in faɗa masa sa'ar da aka ji jirgin na ƙarshe.