Lambun bayan gida: inda aka kwana kafin hunturu ya shigo

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu koyon lambu. Yau kwana goma sha biyu rabonmu da ruwan sama a nan gefen Kano, da asuba kuma har an fara jin ɗan sanyi-sanyi. Masu gona sun kai geronsu gida suna jiran dawa. Ni da filina na bayan ɗaki bai wuce taku goma sha biyu a tsawo da takwas a faɗi ba, yanzu ne ma aikina ya taso.

Bara na makara. Sai a farkon Janairu na zuba irin tumatir, na yi dashe a Fabrairu, ya zo ya yi fure daidai lokacin da zafin Maris ya kankama. Kullum da safe sai in tarar da furen nan rawaya zube a ƙasa, ga ganye shar amma babu 'ya'ya. Tumatir yana son dare mai sanyi kafin furensa ya kama, latas kuma da ya ji zafi sai ya miƙe ya yi ɗaci. Sanyin da muke da shi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, wata huɗu ke nan, ba ƙari. Shi ya sa bana na yi lissafina daga Maris na dawo baya, na ga dole iri ya shiga ƙasa a cikin Oktoba.

Na fara da tuge kayan damina. Rama da yakuwa sun fita lafiya. Da na zo kan kuɓewa sai na tsaya. Saiwarta duk ta kumbura, ƙulli-ƙulli kamar an jera carbi, wasu ƙullayen sun kai girman ƙwayar wake. Na wanke ɗaya na kai wa wani dattijo mai lambu a bakin rafi, wanda nakan sayi dashe a wajensa. Na ce, “Baba, ku duba mini wannan.” Ya murza ta da babban yatsa, ya ce, “Ɗana, bana kada ka kai tumatir wurin nan.”

Ga abin da na fahimta, don na san da yawanku za ku gamu da shi. Wasu tsutsotsi ne 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani, suna zaune a cikin ƙasa, suna shiga saiwa su kumbura ta har ta kasa jan ruwa. Shi ya sa kuɓewar take yaushi da rana ko da ƙasa na da danshi, ni kuwa ina ta ɗora wa rana laifi. Suna kama kuɓewa da tumatir da tattasai da gauta, karas ma ba su bar shi ba. Amma kada ku ga ƙulli a saiwar wake ko gyaɗa ku tsorata. Nasu a gefen saiwa yake maƙale, in ka murza sai ya fita, kuma shi ne yake ƙara wa ƙasa ƙarfi. Na cuta kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya ɓamɓaruwa. Na tattara saiwoyin kuɓewar na ƙone, ban yarda ko ɗaya ta shiga ramin taki ba. Wurin na kafce shi da zurfi na bar wa rana, duk bayan kwana uku in sake juyawa. Albasa zan sa a can, tumatir ya koma inda na yi masara.

Taki kam, alhamdu lillahi, ya nuna. Tun watan Agusta nake tara kashin awaki da busasshen ganye da ɓawon kayan miya da 'yar toka a rami. Shekaranjiya na zura hannu har gwiwar hannu, babu zafi a ciki, ya yi baƙi, ƙamshinsa kamar na ƙasa ranar ruwan farko. Mai kashin kaji ya yi haƙuri ya bar shi ya ruɓe tukuna, ɗanyensa ƙone shuka yake yi.

Kunyoyin damina duk na baje su. Da damina tudu ake so don ruwa ya wuce, da rani kuwa kwari ake so don ruwa ya zauna. Na yanka fangali shida, kowanne taku biyu a faɗi, yadda hannuna zai kai tsakiya ba tare da na taka ciki ba. Kowane fangali ya sha bokiti biyu na taki.

Wurin reno shi ne ya fi cin hankalina. A tsofaffin robobin wanki uku da na huhhuda gindinsu na zuba iri: tumatir Roma, kabeji, da latas. Albasa 'yar Galmi, mai jan ɓawon nan da ta yi suna daga jihar Tawa ta Nijar, ita a ƙasa na zuba ta, don takan yi mako shida zuwa bakwai kafin ta isa dashe, tumatir kuwa mako huɗu ya ishe shi. Na ja layi da tsinke, na yaryaɗa iri, na rufe da ƙasa sama-sama, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa. A kwana na shida na ɗaga ciyawar na ga tumatir ya tsiro a lanƙwashe, wasu har da ɓawon irin maƙale a kan ganyensu kamar hula. Nan take na kwashe ciyawar, don in ta ƙara kwana biyu sai su yi tsawo su yi fari, ba ƙarfi. Sai na kafa sanduna na lulluɓa musu tsohon gidan sauro. Yana tsare ƙadangaru, waɗanda kan share tsiro tas cikin wuni ɗaya, yana kuma rage farin ƙuda mai kawo ciwon nannaɗewar ganye.

Maganar ƙwari, duk wanda ya ga 2016 bai manta da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ba, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari mutane. Tana nan har yanzu. A cikin ganye take shiga ta yi hanya fara-fara. Na tanadi 'ya'yan darbejiya. In lokaci ya yi zan daka, in jiƙa su kwana, in tace, in sa ɗan sabulu, in fesa da yamma. Ba ya gamawa da ita, ragewa yake yi, saboda haka duba ganye kullum da tsinke wanda ya kamu shi ne babban aikin.

Zogale na sare shi daidai ƙuguna don ya yi sabon toho, ganyen an shanya a inuwa. Gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke bugowa, na kafa zana biyu, saura ɗaya sai an yanke dawa na sami kara.

Karas ban taɓa shi ba tukuna. Shi ba a dasa shi, inda zai zauna ake shuka shi, kuma irinsa ƙanana ne sosai, sai an gauraya da yashi kafin ya bazu daidai. Ina jira sanyi ya ƙara zama, wajen makon farko na Nuwamba in Allah ya kai mu. Abin da ya rage mini tunani shi ne ruwa. Fangali shida za su sha aƙalla bokiti goma sha biyu a rana, rijiyarmu kuma takan ja baya daga Fabrairu. Na fara tara ruwan alwala da na wanke kayan miya a wani diram, ban da mai sabulun wanki. Wanda ya taɓa rufe fangali da ɓuntun shinkafa don riƙe danshi, don Allah ya gaya mini ko yana jawo gara, kafin in je Kura in ɗauko buhu biyu.