Saƙon Godiya Bayan Jinyar Ƙanenmu

Assalamu alaikum warahmatullah. A madadin mahaifiyarmu da ɗaukacin iyalanmu, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tashi kafaɗun ƙanenmu, sannan ga duk waɗanda suka tsaya mana tun daga daren da aka garzaya da shi asibiti har zuwa ranar da aka sallame shi. Da yardarsa nake bayyana abin da ya faru, domin masu zuwa dubiya da dama sun ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, wasu kuma sun ce iska ce ta taɓa shi.

Ƙanen namu ɗalibin jami'a ne, kuma likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora shi a kan fulokzetin, wato maganin ciwon damuwa da aka fi sani da sunan Prozac, yana kuma samun sauƙi sosai. Da jarrabawa ta ƙarato, sai wani abokinsa ya ba shi ƙwayoyin amfetamin da aka shigo da su daga waje, irin waɗanda ake rubuta wa masu matsalar rashin tattara hankali, domin ya raba dare yana karatu. Kafin gari ya waye ya jiƙe sharkaf da gumi, jikinsa ya yi zafi, zuciyarsa tana bugu da sauri, ƙafafunsa suna fizga, maganarsa kuma ta rikice.

Godiyata ta farko ga abokin ɗakinsa ce. Yaron nan ya san za a yi masa faɗa, amma ya ɗauko kwalin magungunan biyu ya damƙa wa likita ba tare da ɓoye komai ba, kuma a ganina wannan gaskiyar ce Allah Ya sanya ta zama sanadin tsirar ɗan'uwanmu.

Muna gode wa likitar da ke bakin aiki a sashen agajin gaggawa, wadda ta zaunar da mu ta yi mana bayani cikin haƙuri duk da cunkoson marasa lafiya. Ta ce magungunan biyu kowanne yana ƙara yawan sirotonin, wani sinadarin da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, wanda yawansa fiye da kima ne ya haddasa masa wannan rikicin, sannan fulokzetin yana danne wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6 wanda yake taimakawa wajen narkar da amfetamin, saboda haka sai ƙwayar ta taru a jini fiye da kima. Ta kuma nuna mana cewa farasitamol ɗin da aka fara ba shi a ɗaki ba zai saukar da irin wannan zafin ba, tunda daga ƙagewar tsoka yake tasowa. An dakatar da magungunan, aka yi masa ƙarin ruwa, aka yi masa allurar baliyam domin jikinsa ya saki, aka kuma ba shi saifroheftadin domin rage tasirin sirotonin ɗin, wanda na yi mamakin jin cewa shi ne dai maganin da wasu ke saye a kemis don buɗe cin abinci. Ma'aikatan jinya da suka kwana suna auna jininsa da zafin jikinsa, Allah Ya saka musu da mafificin alheri.

Likitansa na ƙwaƙwalwa ma ya cancanci yabo, domin bai tozarta shi ba. Ya bayyana mana cewa akan haɗa wa majinyaci irin waɗannan magunguna biyu idan akwai buƙata, amma likita ne yake farawa da ɗan kaɗan yana bibiyar hawan jini da bugun zuciya. Ya kuma ja kunnensa cewa tsallake fulokzetin na kwana ɗaya ko biyu ba dabara ba ce, saboda ragowarsa takan yi makonni a jiki, kuma taramol ma yana iya haddasa irin wannan rikicin idan ya haɗu da shi.

Ga maƙwabta, da malamansa da suka sassauta masa kan batun jarrabawa, da 'yan'uwa da suka yi ta kai abinci da addu'a, mun gode, Allah Ya bar zumunci. Yanzu yana gida yana hutawa, zai kuma ci gaba da ganin likitansa, don haka muna roƙon masu son zuwa dubiya su bari sai bayan La'asar.