Ta mutu ne ko dai shiru kawai ta yi?

Jiya sai da na kai ƙarfe biyu na dare ina bin log ɗin (wato bayanan ayyukan) sabobinmu, kwamfutoci guda uku da ke aiki tare, idona har ya yi ja. Ashe wadda ke shugabanci ce ta tsaya cak na wajen sakan biyu, ba mutuwa ta yi ba fa, sharar memori (bayanan da ta gama amfani da su) take kwashewa, su kuma sauran biyun da suka ji shiru ba saƙon "ina nan" sai suka ce shi kenan ta tafi, suka naɗa sabuwa. Can ta farfaɗo ta ci gaba da ba da umarni abinta, ita a lissafinta har yanzu mulki na hannunta. Allah Ya taimaka a Raft, tsarin da sabobin ke bi su zaɓi shugaba su kuma daidaita a tsakaninsu, kowane zaɓe da lambar zangonsa, da suka ga tsohuwar lamba sai suka yi watsi da ita.

An ce shiru ma magana ce, to a netwok ban yarda ba wallahi. Saba ta mutu, saƙo ya maƙale a hanya, ko amsar ce ta ɓace, duk kamarsu ɗaya daga inda kake zaune. Tun 1985 Fischer da Lynch da Paterson suka tabbatar cewa in babu iyaka kan jinkirin saƙo, babu tsayayyen tsarin da zai ba ka tabbacin kullum injina za su cimma matsaya ɗaya a tsakaninsu, ko da inji ɗaya tak ne zai iya mutuwa. A 1988 Dwork da Lynch da Stockmeyer suka kawo mafita ta tsaka-tsaki, wato iyakar tana nan amma ba ka san ta ba, ko kuma sai netwok ya lafa take fara aiki. A kan wannan zaton su Raft suke zaune, in hanya ta rikice gara su tsaya da su yi kuskure.

Laifina ne dai. Na ga 150 zuwa 300 milisakan a takardar Raft a matsayin wa'adin jira kafin a yi sabon zaɓe, na kwafa ido rufe, ban auna namu jinkirin ba, matsakaici kawai na duba, alhali wancan saƙo ɗayan da ke zuwa a makare can ba a rasa ba shi ke ɓallo ruwa. In ka gajarta wa'adin jira kullum zaɓe, in ka tsawaita kuma ranar da shugaba ta mutu da gaske kowa sai ya yi ta zaman jiran gawon shanu. Yanzu dai na ɗaga shi zuwa sakan uku, gobe zan koma kan memorin nan.