Abin da faifan Charley Patton ya koya mini a ɗakin adana sauti

Duk wanda za a ba aikin kwashe waƙoƙin Charley Patton, mawaƙin blues na Amurka, daga faifan garmaho zuwa kwamfuta, ya kiyayi manhajar goge ƙaraf-ƙaraf. Nan aikinmu na wata uku ya lalace.

Patton ya tashi a gonar Dockery da ke Mississippi, ya fara ɗaukar waƙa a watan Yunin 1929 a Richmond ta jihar Indiyana, wa kamfanin Paramount. Kamfanin da kayan arha yake buga faifansa, tun yana sabo yana shuuu kamar ana suyar ƙosai. Ƙarafan asali da aka buga faifan da su sun salwanta, sai kwafin da allurar ƙarfe ta riga ta cinye. Shi kuwa Patton ba kaɗa jita kawai yake yi ba: yana fizgo tsirkiyar ƙasa ta doki itace, yana marin jikin jitar da tafin hannu, don a gidajen rawa na daren Asabar shi ne makaɗi, shi ne ganga. Manhaja ba ta bambance wannan dukan da tsagewar faifai. In aka ƙure mata ƙarfi, sautin zai fito tas, amma bugun da ke riƙe da waƙarsa "Pony Blues" ya tafi. Muryar nan mai kaushi ma sai ta koma kamar daga cikin tulu.

Umarnin a ƙure ta daga sama ya zo, daga wanda bai taɓa zama ya saurari faifai ɗaya har ƙarshe ba. Da masana suka ƙi karɓar aikin da aka yi, sunan ƙananan ma'aikata aka rubuta. Saboda haka a ajiye ɗanyen kwafi kafin a taɓa komai, a cire manyan tsagu da hannu ɗaya bayan ɗaya, umarni kuma a nemi a rubuce.

Sauran gajeru ne. Allurar faifan zamani siririya ce, tana nutsewa gindin layi ta kwaso datti. Mai kaurin kusan inci 0.003 ake so. Kada sifirit ya taɓa faifan, narkar da shi yake. Gudun faifan ma ba lallai ya zama juyi 78 cif a minti ba, kuma Patton yakan ɗaga saitin tsirkiyarsa, don haka kada a "gyara" masa murya da zato.