Limamin cocin da gwamnati ke biya albashi

Makon jiya na kai wa ƙanena ziyara a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa inda yake karatu. Muna shan shayi da maƙwabcinsa, wani dattijo ɗan Katolika, sai ya ce albashin limamin cocinsu daga baitulmalin gwamnati yake fitowa. Na ɗauka zolaya ce. Faransar da kullum take tinƙaho da raba addini da mulki?

Ashe gaskiya ne. A 1801 Napoleon, mai mulkin Faransa a lokacin, ya ƙulla yarjejeniya da Fafaroma Pius na 7: gwamnati ta zaɓi bishop-bishop ta kuma biya limamai, coci kuma ta haƙura da filayenta da aka ƙwace lokacin juyin juya hali. Dokar raba addini da mulki ta 1905 ta rushe wannan tsari, amma a lokacin yankin Alsace da Moselle, inda biranen Strasbourg da Metz suke, yana hannun Jamus tun 1871, don haka ba ta shafe shi ba. Da ya dawo Faransa bayan yaƙin duniya na ɗaya, mutanen yankin suka ce atafau ba za a taɓa musu abinsu ba. Har yau shugaban Faransa ne ke sa hannu a naɗin bishop na Strasbourg da na Metz.

Fastocin Furotesta da malaman Yahudawa su ma suna karɓa. Na tambayi dattijon, limaman Musulmi fa? Ya yi murmushi ya ce ba sa ciki. Sai dai babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 2012, ya samu gudummawar hukumomin yankin wajen gini. Can muka yi Juma'a washegari.