Jinyar masu ciwon ciki da hanji, fannin da ɗalibai ke gudu

Duk sanda ɗaliban jinya suka tambaye ni fannin da ya kamata su ƙware a kai, da na ce ɓangaren ciki da hanji sai a hau yatsine fuska. Eh, akwai amai, akwai bahaya, akwai wari. Amma wallahi fanni ne da idon nas ke ceto rai.

Ki duba bahaya kawai. Mara lafiya kan ji kunyar faɗa wa likita, amma ke da kike bakin gadonsa ke za ki ga ya yi baƙi ƙirin mai danƙo, wanda sau da yawa alama ce ta jini na zuba a tumbi ko farkon hanji, kuma tun kafin awon jini ya faɗi bugun zuciya ne ke fara ƙaruwa, to in ba a lura ba sai dai a ga mutum ya sulale. Haka mai ciwon hanta da ya yi nisa, ya fara ruɗewa, barci da rana ido biyu da dare, dangi su ce gajiya ce, ke kin san guba ce da hanta ta kasa tacewa ta hau kai, shi ya sa in an ba shi laktulos, maganin da ke sa zagayawa don fitar da gubar, sai kin ƙirga zagayawarsa, sau 2 zuwa 3 a rana ake nema.

Sai wayar da kai. Tun 1982 Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, har suka ci kyautar Nobel a 2005, amma har gobe mutane na ɗora wa yunwa laifi suna ta haɗiyar ibuprofen da ke ƙara cinye tumbin. Nas ce ke zama ta yi bayani, ta nace a shanye magani.

Ɗakin endoskofi ma, inda ake zura siririn bututu mai kyamara a leƙa cikin tumbi ko hanji, akwai aiki, shirya mutum da sa masa ido bayan allurar barci.

Amma wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne wanda aka yi wa tiyata aka fito masa da hanji ta gefen ciki, bahaya na zuba a jaka. Wasu ko kallon wurin ba sa iya yi, sun ɗauka sun gama shiga mutane. Ke za ki nuna masa yadda ake yanka bakin jakar daidai, yadda zai kare fatar kada ta saɓule, kuma fuskarki yake kallo lokacin da kike canjawa, in kika nuna ƙyama shi ma zai ƙyamaci kansa, in kika sake sai ki ga ya miƙo hannu ya ce bari in gwada.